Nibaldo Mai Bin Ƙanƙara

A ƙauyen Malalcahuello, da zarar sanyi ya wuce an rufe filin zamiya a kan ƙanƙara a ƙarshen Oktoba, kowa sai ya kama gabansa. Masu awaki su kora garke zuwa makiyayar kan tudu, mata su shiga lambu, masu masaukin baƙi su fito da barguna shanya. Nibaldo Huenchullán kaɗai ke saɓa katakan zamiya a kafaɗa ya nufi dutse, yana bin ragowar ƙanƙara kamar kare ya ji ƙanshin ƙashi.

Sana'arsa tun yana saurayi ita ce tare kujera. Kujerun nan da ke rataye a waya suna hawa da masu wasa, shi ke riƙe su kada su bugi ƙaurin baƙo, ya yi murmushi ya ce a sauka lafiya. Iyakar aikin ke nan. Amma in ka ji shi a shagon Don Erasmo yana zuba, sai ka rantse shi ya gina dutsen da hannunsa.

Ciwon bin ƙanƙarar ya kama shi ne wata shekara da wani Bature mai suna Reto ya zo daga Suwizalan, yana gudun zafin ƙasarsu. Ranar da zai koma ya miƙa wa Nibaldo tsohuwar rigar sanyinsa ja, wadda zif ɗinta ya mutu, ya ce masa namijin gaske ba ya bari ƙanƙara ta tsere masa. Reto ya faɗi maganarsa ya hau mota. Nibaldo ya ɗauke ta ya mai da ita addini.

Daga nan mutanen garinsu suka zama ƙauyawa a idonsa. Matarsa Ercilia tana soya wani irin fanke da ake kira sopaipilla a bakin titi, hannunta duk tabon mai, ita ke ci da gidan, amma in ta yi magana sai ya taɓe baki.

"Baban Yasna, rufin ɗaki na yoyo," in ji ta wata safiya, tana miƙa masa ƙoƙon shayin mate.

"Ke dai ba ki san komai ba sai kasko. Mutane na ƙetaro teku saboda abin da ke saman kanki."

"Abin da ke saman kaina kwano ne mai huji. Su zo su ɗauka, na yafe."

Yawon nasa dai bai tashi a banza ba. A kudancin dutsen, inda rana ba ta leƙawa, ya gano wani dogon kwazazzabo da ƙanƙara ke kwana a ciki har bayan sabuwar shekara. Tokar aman wutar dutsen ta baƙanta ta, ta yi kama da gindin tukunya, amma ana iya zamewa a kai. Ya ɓoye wurin kamar wanda ya tsinci zinariya. A shago sai ya rage murya ya ce, "Ni na san wani waje," ya tsaya jiran a roƙe shi. Don Erasmo ya ce, "Allah ya sanya alheri," ya ci gaba da yanka cuku.

Saboda wannan rami ya ƙi taya surukinsa kora awaki. Saboda shi 'yarsa Yasna ta gama makaranta a watan Disamba, ta karɓi kyauta, kujerar ubanta babu kowa. Ya dawo da yamma fuska ta ƙone, leɓe ya tsage, yana ba ta labarin yadda ƙanƙarar ta yi laushi. Yarinyar ta dube shi sama da ƙasa, ta shige ɗaki. Ba ta daɗe ba ta tafi birnin Temuco, kuma in ta bugo waya uwarta take nema.

Gemunsa ya yi fari kafin Reto ya sake zuwa. Ya zo a Nuwamba tare da wasu samari masu kyamara, suna cigiyar inda ƙanƙara ta rage. Nibaldo ya zura jar rigar nan, wadda Ercilia ta gaji da yi wa faci, ya ruga masauki yana haki.

"Don Reto! Ni ne! Dubi rigarka!"

Baturen ya dubi rigar, ya dubi mai rigar, ya yi irin dariyar da ake yi wa yaron maƙwabta. "Madalla, Osvaldo. Ka san hanya?"

Bai gyara masa sunan ba. Sirrin da ya fifita a kan matarsa da 'yarsa, ya zazzage shi tun ba a gama tambaya ba. Washegari shi ne a gaba, da jakar wannan a baya, da katakan wancan a kafaɗa, ga tulun ruwa a hannu, ya zama jakin tafiya yana murna. Da suka isa, samarin suka yi ihu suka zame, suka ɗauki hotuna. Sau ɗaya suka kira shi, don ya matsa gefe, inuwarsa tana shiga hoto. Reto ya zauna a kan dutse yana cin gurasarsa shi kaɗai, ya ce ba laifi, amma ta Norway ta fi tsabta.

Hotunan suka zaga duniya, da taswirar wurin a jiki. Da Nuwamba ta zagayo sai ga motoci daga Temuco da Santiago, cike da mutanen da suka bar gidajensu masu kyau don su yi birgima a baƙar ƙanƙara. Wani kamfani ya kawo 'yan jagoransa, yara masu sababbin riguna. Nibaldo ya je ya buga ƙirji ya ce shi ya gano wurin.

"Sannu da ƙoƙari, kaka," in ji shugabarsu. "Ɗan ba mu hanya, kada a ture ka."

Ercilia kuwa ta ɗauke kaskonta ta kafa a inda motocin ke tsayawa. Kafin azahar kullunta ya ƙare. A shekarar ta sa aka sauya rufin.

"Tsoho, zo ka taya ni murza kullu," ta ce masa. "Ko ba komai ka ga baƙinka kusa da kusa."

"Ni? Ai na gano wani wajen da ya fi wancan. Wannan karon ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba."

"Wa ya tambaye ka?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Har yanzu yana fita da sassafe da katakansa, gwiwoyi na ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ƙanin Ercilia mai kiwo ya sha ganinsa a bayan gari, zaune a gindin pewen, bishiyar da ake cin 'ya'yanta, yana gyangyaɗi, har rana ta karkata sannan ya miƙe ya dawo. Da aka kawo mata labari, Ercilia ba ta ko ɗago kai daga kasko ba.

"Ku bar shi," ta ce. "Amma tun da a gindin pewen yake wuni, ku ba shi buhu. In 'ya'yan sun fara zubowa ya tsinto mana."