Ranar da Aka Kama Ni Ina Yanka Albasa

Wata rana, cikin damunar nan da ta wuce, aka yi min cin mutuncin da ba a taɓa yi wa wani ɗa namiji ba tun da aka fara hura wuta a duniya.

Ni, Alhaji Sabitu. Mutumin da ko shara zai fita zubarwa sai ya kafa hula ya duba madubi. Mutumin da idan ya je ɗaurin aure ake matsa masa gaba, an ɗauka shi ne waliyyi.

Ni aka kama da singileti, da zanin matata a ƙugu, ina yanka albasa, hawaye na zuba.

Har yau ban huce ba. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, ku yi min alƙalanci.

A layinmu muna ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Baba Gambo, dattijon layin, a haɗa a ci tare. Ba a ba da maki, amma kowa ya san kwanon da ake fara buɗewa da wanda ake bari sai an ƙoshi.

Nawa ne ake bari.

Matata Hansatu ma'aikaciyar jinya ce. Tana fita rana ba ta gama fitowa ba, ta dawo dab da magariba ƙafafunta a kumbure. Ni ma ina ofis. Yara suna makaranta, daga can su wuce islamiyya. To wa zai tsaya kan tukunya? Abin da ya sawwaƙa shi ake yi, kuma abin da ya sawwaƙa kullum taliya ce da manja.

Baba Gambo zai ɗaga murfin kwanona ya leƙa, ya mayar a hankali kamar ya ga mara lafiya yana barci.

“Sabitu, yau ma ita ce? Gidan naka gida ne ko makarantar kwana?”

A kwashe da dariya. Ni ma in yi, amma tawa ba ta wuce haƙori.

Ana haka Hansatu ta shigo da wani kwali. Tukunyar lantarki ce, irin mai dahuwa a hankali. Ka zuba komai da safe, ka rufe, ka jona, ka tafi harkarka. Ba ta ƙonawa, ba ta tafasowa ta zube, wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, ’yar solar gidanmu ma tana ɗaukar ta. Kafin ka dawo, girki ya nuna.

Na ce madalla.

Ta ce, “Saura mai zubawa. Kai ne kake fita a ƙarshe.”

Na ce mata a tarihin gidanmu, daga kakana har babana, babu wanda ya san inda ake ajiye ludayi. Ta ce to shi ke nan, ta ɗora ruwan taliya.

Washegari na karɓi aikin. Da sharaɗi guda: ko kazar maƙwabta kada ta ji.

Jama’a, ashe ina da baiwa.

Na fara da farfesun bindin sa. Citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, attaruhu, albasa mai yawa, ruwa kaɗan, don tukunyar ba ta shanye ruwa kamar ta murhu. Da yamma naman yana sakin ƙashi tun kafin ka taɓa shi.

Na koma kan wake. In jiƙa shi, in ba shi tafasa ɗaya a kan gas, in juye a tukunya da manja da busasshen kifi. Ya fito lugub, ba ƙauri.

Kazar Hausa, wadda take gajiyar da haƙori, ta zama kamar ɗanwake don laushi.

Miyar taushe kuwa, kabewa da nama da daddawa da gyaɗa su wuni tare. Idan Hansatu ta dawo sai ta watsa alayyahu da yakuwa, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta zauna ta miƙe ƙafa. Kuka ma haka: romon ya wuni yana nuna, kaɗawa kawai ake yi da yamma. Ganda, faten doya, dahuwar alkama, duk na bi ta kansu. Abu ɗaya na koya da wuya, shi ne ba a buɗe murfin ana leƙe. Ka rufe, ka tafi.

Nan da nan kwanona ya koma tsakiyar tabarma. Wasu har da zuwa da cokali a aljihu.

Sai tambaya ta zo. Tanimu ne ya yi ta, maƙwabcina na jikin katanga, mai shagon kayan gini. Ya suɗe yatsa ya ce, “Alhaji, wai Hajiya ta bar aikin asibitin ne?”

A nan ne ya kamata in ce, “Tukunya ce, kuma ni nake zubawa.”

Sai na gyara zaman hula.

Na ce, “Ina! Ai mace idan ta san darajar mijinta, aiki ba ya hana ta komai. Hajiya ba ta fita sai ta haɗa girki. Da rana ta hau adaidaita ta dawo ta juya miya, ta koma. Ni ko magana ba na yi. Tarbiyya ce.”

Aka ce ma sha Allah. Baba Gambo har da sa mata albarka. Na dawo gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Ban san na kunna wuta a gidan mutane ba.

Matar Tanimu, Malama Barira, tana koyar da lissafi a wata sakandaren ’yan mata can bayan gari. Ita take fita da yaransu da sassafe, ba ta dawowa sai bayan la’asar, da tulin takardun ɗalibai a jaka. Tun daga ranar, kullum Tanimu ya koma gida sai ya ɗauko zancen matata. Ga Hajiya Hansatu can. Ita ba aiki take ba? Ita ƙafa huɗu gare ta? Daga ƙarshe ya yanke hukunci: idan zangon karatun nan ya ƙare girkin gidansa bai zama kamar na gidan Alhaji Sabitu ba, ta ajiye aikin.

Ni duk ban sani ba. Ina can ina gwada zuba kanumfari a wake.

Ranar da abin ya faru, yara sun fita sun bar ƙofa a buɗe. Na ɗaura zanin Hansatu don kada manja ya taɓa min wando, na ƙure rediyo, ina yanka albasa ina bin waƙa har da kaɗa kafaɗa. An yi sallama, an ƙara, ban ji ba.

Ina juyowa na ga Malama Barira a bakin ƙofar kicin, da hijabinta da jakar makaranta. Ta nemi izini a wurin aiki ne don ta zo ta roƙi Hansatu ta koya mata yadda take yi.

Ta dubi zanin. Ta dubi wuƙar. Ta dubi tukunyar.

Na ce, “Malama, Hajiya ce ba ta jin daɗi, shi ne na ɗan…”

“Na ga fitar Hajiya ta taga ɗazu, Baban Nusaiba. Na ɗauka kasuwa ta leƙa ta dawo.”

Na ajiye wuƙar. Na yi ƙasa da murya.

“To, Malama, ki rufa min asiri.”

“In rufa naka, nawa fa? Saboda wannan albasar ake shirin raba ni da aikina.”

Ta faɗa min komai, a tsaye, ba kuka, ba ɗaga murya.

Kun san ni da dabara. Nan take na ce zan saya mata irin tukunyar, a kai mata a ɓoye, Tanimu ya ga girki ya gyaru, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Ta ce, “Tukunyar tana yanka albasa da kanta?”

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

“Ni nake fara fita a gidanmu. Shi sai hantsi yake buɗe shago. Ba tukunya ce babu ba, mai zubawa ne babu. Kuma ba zai taɓa zubawa ba muddin yana ganin mazan layin nan ba sa yi.” Ta gyara jakarta. “Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Kai za ka faɗa, a inda ka faɗi waccan. Aikina kuwa ba zan bari ba, ko da wa za a haɗa ni.”

Ta juya ta tafi. Ko “sai an jima” babu.

A ofis ranar ban tsinana komai ba. Na ƙirƙiro ƙarya ta fi goma, kowacce idan na auna ta sai in ga ta tsirar da ni ta bar Malama a ciki. Da Hansatu ta dawo na ba ta labari, ina jiran a lallashe ni.

Ta ce, “Au, har adaidaita nake hawa da rana? Wa yake biyan kuɗin?”

 Ta naɗe hannu tana kallona, irin kallon da take yi wa mara lafiyar da ya ɓoye magani a ƙarƙashin filo.

Na ce to. Tunda za a yi, a yi ta manya.

Na ɗauko farar shaddata ta Juma’a. Na fesa turare. Na kafa hula. Na cire tukunyar daga soket, na rungumo ta da tsumma, ita kanta ba kwano ba, na fita.

Na dire ta a tsakiyar tabarma.

Baba Gambo ya ce, “Wannan kuma fa? Injin wanki ka kawo mana?”

Na ce, “Wannan ita ce take dafa abin da kuke ci. Mai zuba mata kaya kuwa ga shi a gabanku. Hajiya ba ta taɓa dawowa da rana ba. Ni nake yanka albasa, ni nake wanke nama, ni nake auna gishiri. Duk wanda ya suɗe yatsa a kwanona, girkina ya suɗe.”



Sai wani ya ce, “Da zani kake yi ko da wando?”

Tabarma ta kaure da dariya. Har da masu kwanciya. Aka ce daga yau sunana Uwargida. Aka ce a nemo min gyale. Na tsaya ƙyam ina kallon sama, don na riga na yi niyya ko za a mutu da dariya sai na kai ƙarshe.

Tanimu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, “To ni dai ba na shiga kicin.”

Ya miƙo hannu zai ɗebi farfesu.

Na janye tukunyar.

“Yi haƙuri, Tanimu. Girkin namiji ne, kada ya rage maka daraja. Kuma gaskiyarka da ba ka shiga. Ba kowa ke iyawa ba. Abin yana son lissafi da nutsuwa. Kai da ko siminti sai yaronka ya ƙirga maka.”

“Ni? Ni ne ba zan iya zuba nama a tukunya ba?”

“Ban ce ba za ka iya ba. Na ce kada ka wahalar da kanka.”

Baba Gambo ya tsoma baki yana tauna: “Ku bar musu. Sati mai zuwa kowa ya kawo nasa, mu ne alƙalai. Sabitu, turo tukunyar nan.”

Da safe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya, ba ta gaba ba. Tanimu ne, da kabewa a hammata da nama a leda, yana waige-waige.

“Ba wai na yarda da maganarka ba ne,” in ji shi. “So nake in kunyata ka. Ruwan kamar yaya ake sawa?”

Na ara masa tukunyata. Girkinsa na farko gishiri ya kashe shi. Na biyu ya manta bai jona ba, ya dawo ya tarar da ɗanyen nama yana kallonsa. Amma mutumin akwai taurin kai. Ya sayi tasa tukunyar, kuma yanzu, Allah ya isa, wai miyar taushensa ta fi tawa. Wannan maganar ban yarda da ita ba, kuma ba zan yarda ba.

Zangon karatu ya ƙare, aka koma sabo. Malama Barira tana nan tana fita da jakarta kullum da safe. Zancen ajiye aiki bai sake tasowa ba. Idan mun haɗu a layi sai ta rusuna ta ce, “Ina kwana, Baban Nusaiba, ya aiki?” Kuma ni da ita mun san wane aikin take nufi.

Na so in ɗora laifin a kan yaran da suka bar ƙofa a buɗe. Na so in ɗora wa rediyo. Na duba ko’ina, na rasa wanda zan kama.

Ni ne. Ni na zauna a kan tabarma, cikina cike da farfesun da na dafa da hannuna, na ƙera wata mata da babu irinta a duniya, aka ɗauke ta ana dukan matar mutane da ita.

Darasi: Idan ka samu abin da ya sauƙaƙa wa gidanka rayuwa, faɗi yadda aka yi da wanda ya yi. Ƙaryar da ka yi don a yaba maka, a gidan wani hukunci take zama. Kuma idan kai ne kake fita a ƙarshe, malam, wanke hannu ka zuba.

Ku tura wa duk magidancin da kuka san yana shiga kicin a ɓoye. Ya fito, muna da yawa.