Kazar Inna da Likitocin Tsakar Gida

Shekarar da murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan, kowa a Zangon Wagadugu ya zama likita. Rediyo ce ta raba musu ilimin, kyauta. A kasuwar Sankaryare masu kaji suna zaune suna korar ƙuda, wanda kuma ya yi atishawa kusa da keji sai a bi shi da kallo.

A wannan lokacin ne jar kazar Inna, mahaifiyata, ta ga dama ta fara zubar da gashi. Ba ta iya zaɓen lokaci ba. Wuya ya tuɓe, gadon baya ya tuɓe, ƙwai ma ta daina. Ita ce kaza ɗaya da Inna ke ji da ita, don kusan duk sauran na gidan 'ya'yanta ne da jikoki.

Ni ina lise a lokacin, wato lakwal ta sakandare, kuma bayan akurki nake bitar darasi, saboda nan ne kaɗai ba a aikena. Don haka na san kazar fiye da yadda na san 'yan ajinmu. Tana ci kamar ta dawo daga fari. Zankonta ja wur, idonta tar, kashinta yadda yake kullum. Inda gashin ya zube, sabo na tsirowa kamar kan tsinke. Na taɓa ganin kaza mai ciwo a gidan: takurewa take yi a lungu, ta saki fukafukai, ta lumshe ido, ko tsaba ka zuba mata ba ta kallo.

Baffana, yayan babanmu, direban babbar mota ne, kuma a ganinsa wanda ya je Yamai ya dawo babu abin da ya rage masa bai sani ba. Ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Ita ce," in ji shi. "Cutar ce. A kawo wuƙa tun ba ta zama mushe ba."

Haka ake yi a gidanmu: kaza in ta yi laushi, a yi maza a yanka kafin ta haramta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta goyi bayansa, har ta ce tana da yaji in ana so. Cutar da aka ce tana kashe mutane, ashe maganinta tukunya.

Na ce, "Baffa, ai sabon gashi take yi."

"'Yar lakwal, a wane shafi aka rubuta?" Aka yi dariya. Na mai da kai cikin littafi.

Inna ba ta musu da yayan mijinta, ba a yi mata wannan tarbiyya ba. Ta goge hannu a zane ta ce, "Gaskiyarka, Yaya. Tunda cutar ce, rediyo ta ce ba a ci. A ƙona, a binne. Ke, ɗauko kananzir."

Maƙwabciya ta janye kai daga katanga.

"A ƙona?" in ji Baffa. "Nama?"

"Kai ka gani da idonka, Yaya. Mu me muka sani?"

Ya sauke rawanin daga hanci, ya tako, ya kama kazar da hannunsa. Ya ɗaga fiffike, ya duba ido, ya shafa wuya yana gyaɗa kai. Kazar ta sakar masa sara a yatsa.

"Af, lafiyarta lau. Zubar gashi ce kawai, ga sabo nan yana fitowa. Ku mata kun cika firgita."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Allah ya ƙara ilimi."

Ya ɗan jinjina kazar a hannu, ya ce tunda dai an riga an wasa wuƙa...

"Haba Yaya, mai lafiya kuma? Uwar kaji?"

Ta karɓe ta daga hannunsa, ta sake ta. Kazar ta nufi kwanon tsaba da tsiraicinta, ba ta ko waiwaye mu ba.