Ƙofar Da Na Toshe

Ranar Juma'a ce, tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke. Na saɓa fartanya zan tafi gona, sai na tarar da ƙanena Ishaya a ƙofar gidana, ya cire hula yana murza ta a hannu.

Gidajenmu suna ƙarshen ƙauye, a gefen dajin Falgore, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mahaifinmu ne ya gina ta, ya bar 'yar ƙofa a tsakiya. Ta nan matanmu ke miƙa wa juna wuta da gishiri. Gidan Ishaya hanya yake kallo. Nawa ne ke da mafita ta baya, wadda ke faɗawa cikin masara har rafi. Shekarar da ya sare ɗorawar mahaifinmu bai shawarce ni ba, na kwaɓa ƙasa na toshe ƙofar nan da hannuna. Dattijo ne ni a majami'a, ina sasanta mutane. Amma idan ana Addu'ar Ubangiji aka iso wurin yafe wa juna, sai tari ya kama ni.

"Yaya, ina kwana?"

Na gyara zaman fartanya a kafaɗata.

"Ranar Lahadi za a ci Jibin Ubangiji a majami'a. Na gaji da karɓa ina kallon ƙeyarka. Na yi laifi, ka yafe mini."

Na ce, "Ɗorawar ta tsiro ne?"

Ya ce, "Ko ta tsiro, Yaya, ni da kai ba za mu ci daddawarta ba. Mun tsufa."

Dariya ta taso mini, na danne ta. Na ce sai na yi tunani, na wuce. A zuciyata na riga na yafe. So na yi ya jira Lahadi, in miƙa masa hannu a bakin majami'a, jama'a su gani.

Wajen ƙarfe huɗu na dawo. An gama kiran sallar la'asar a masallacin unguwar gabas. Ina wanke ƙafa na ji babura daga wajen daji. Suna da yawa. Karnuka suka ɗauki haushi. Sai harbi.

"Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun? Ku fito da su!"

Ta hanya 'yan bindigar suka shigo, ta gaban gidan Ishaya. Na ji ya ja ƙyaurensa ya tokare da itace. Daga nan sai bugu a jikin katanga. Taɓarya ce. Ƙofar da na toshe yake duka. Na ɗauki fartanya na hau sara ta ɓangarena. Da ciyawa na kwaɓa ƙasar, na daɓe ta da kyau, ta sha rana shekara da shekaru. Ɓarɓashi kawai ke zuba.

"Yaya, karɓi!"

Na ɗaga kai. Jikarsa Ladi ce a kan katanga. Na cafe ta. Sai matarsa Rifkatu, ya ɗora ta a kafaɗa ya turo. Ta faɗo ta gurɗe ƙafa, ba ta yi kuka ba.

Na jawo turmi na hau. Na ga tsakar gidansa, rabona da ita tun ranar da na toshe ƙofar. Ana dukan ƙyaure da gindin bindiga.

"Miƙo hannu!" na ce.

Ya miƙo. Na riƙe wuyan hannunsa. Tafina duk laka ne. Ishaya ya fi ni jiki, ga ciwon gwiwa. Ya taka katanga, ya zame. Ya sake, ya zame. Ƙyauren ya karye.

"Ku gudu!" Shi ya fizge hannunsa.

Muna cikin masara na ji harbi biyu daga gidan. Rifkatu ta tsaya. Na ja ta.

Rafi ya cika da ruwan safe, ya kai mini ƙirji. Na ɗora Ladi a wuya, Rifkatu ta riƙe rigata. Da muka haye na waiwaya. Hayaƙi yana tashi daga rumbuna. Wani ɗan maraƙi yana ta kuka, ba a amsa masa.

Gab da magariba muka iso wata ruga. Mai rugar yana zaune kusa da turakun da babu komai. Shi ma an kore masa shanu da rana. Bai tambaye mu ko su wane ne mu ba. Matarsa ta ɗaure wa Rifkatu ƙafa, ta dama mana fura da ruwa, don babu nono. Da gari ya waye wata a-kori-kura ta kai mu Tudun Wada. A barandar majami'a na faɗa wa Rifkatu duk abin da ya faru da safen Juma'a. Ta juya mini baya.

Ranar Lahadi aka zaunar da mu a bencin baya. Farantin gurasar Jibin Ubangiji ya iso gabana, na sa hannuwana tsakanin gwiwoyi. Rifkatu ta ɗauki biyu. Ta buɗe tafina ta sa ɗaya.

A hankali ta ce, "Yaya, da Ishaya ya dawo daga wurinka ran Juma'a ya ce ka kusa yafe masa. Ya ce ya ga bakinka ya motsa da ya yi maganar daddawa. Ni ban gama yafe maka ba, amma na fara. Ci."

Na ci.

Da ƙura ta lafa na koma. Rifkatu da Ladi suna Kiru wurin danginta. Ta kan aiko mini da gaisuwa, bara har da kuka da daddawa.

Na ari diga na fasa ƙofar. Kafin rana ta yi tsaka na gama.

Mun rasa rumbuna da shanun noma. Mun rasa ladanin unguwar gabas, wanda ya kira la'asar ɗin nan. Mun rasa Ishaya. Ƙofar tana buɗe yanzu. Kajina ne ke bi ta ciki.