Baba Mu-Auna Ya Ajiye Cokalin Gini

Shekara arba'in da ɗoriya, rana ba ta taɓa riga Baba Mu-Auna isa wurin gini ba. Zai jingine tsohon kekensa a jikin tarin yashi, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki bokiti ya bi bulon da aka jera jiya yana ba shi ruwa. Kafin leburori su iso ya gama zagaya katanga da ido ɗaya a kanne, in ya ga ta karkace ko da faɗin yatsa ne, ranar sai an sauke ta. Sunan ma daga bakinsa ya samo shi, don duk wanda ya zo masa da zancen gida, amsar farko ita ce, "To, mu auna tukuna." Ba fili kaɗai yake nufi ba, har da aljihun mai ginin.

A watan jiya gwiwa ta ce ta gaji, likita ya hana shi hawa tsani. Shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Waɗanda suka san shi tun unguwar nan tana gonaki suna tuna yadda yake zaɓa wa mutum tsarin gida. Ba ya farawa da takarda. Sai ya kafa turaku, ya ja igiya, ya fitar da ɗakuna da toka a ƙasa, sannan ya ce a kira matar gidan. "Shigo, 'yata. Nan ne kicin. Juya mu gani, in kin ɗauko tukunya za ki bugi bango?" Ya tambaye ta yara nawa ne, ko akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta ina rana ke duka da yamma. Sai an sha yawo a cikin gidan toka kowa ya gamsu, sannan a kai wa mai zane ya sa a takarda.

Ba kowa ke son wannan hali ba. Akwai wani direba da ya yi ritaya, wanda yau da bakinsa yake ba da labarin. Ya zo da zanen bene mai ɗaki shida irin na surukinsa, kuɗin sallamarsa na aiki suna ƙaiƙayinsa. Baba ya daɗe yana duban takardar, ya tambaye shi abin da ya tanada, sannan ya ninke ta a hankali.

"Ƙanena, gida ne mai kyau, amma abin da ke hannunka zai kai ka taga ne ya sauke ka. Mu yi ɗaki uku da falo a kan harsashi mai ƙarfi. In Allah ya hore, ka ƙara."

Direba ya ji an raina shi. "Baba, gini na kawo maka, ba wa'azi ba."

"Na sani. Ni dai ba na karɓar aikin da na san ba zai rufu ba."

Direba ya kwashi takardarsa ya kai wa wani. Baba ya koma gida ba aiki, ya yi sati uku a zaune, matarsa tana masa tsiya wai ya kori arziki da sanda.

Bayan wata takwas ginin direba ya tsaya cak a daidai taga. Ciyawa ta tsiro a falo, awaki suka mai da shi masauki. Ga mai gidan da direban ke haya ya ce su tashi, ga damina ta ƙarato. Matar direban ce ta yi ta maza ta zo wurin Baba.

"Baba, maigidan ya kasa zuwa. Kunya ta hana shi."

"Kunyar me, 'yata? Gini ne ya tsaya, ba numfashi ba. Ki ce ya jira ni a can da la'asar."

Direba ya tsaya a cikin kangon kansa a sunkuye, yana jiran a ce masa ai an gaya masa. Baba bai ko tayar da zancen ba. Ya zagaya sau biyu, ya ware ɗaki biyu na ɓangaren gabas, ya ce wurin da aka bari don matakala zai yi kicin. Rodin da aka jibge don bene ya sa aka sayar aka sayo kwanon rufi. Katangun da ba a buƙata kuwa da hannunsa ya riƙa ɓamɓaro bulonsu ɗaya bayan ɗaya, don kada a fasa, ya ɗora a inda ake so. Cikin sati bakwai aka buga rufi. Ruwan farko ya same su a ciki, matar ta zauna a ƙofar ɗaki tana jin ƙararsa a kan kwano tana share hawaye.

Yau gidan ɗaki biyar ne, an ƙara su sannu a hankali cikin shekara goma sha biyu. Benen dai ba a yi ba. Direba kan yi dariya ya ce, "Da an yi shi, da wannan bayan nawa wa zai hau?"

Baba, kai ne ka yarda ka rasa aiki don kada wani ya rasa matsuguni. Kai ne ba ka taɓa rage siminti don mai gida ya juya baya ba. Gwani na gwanaye, ka gina rabin layin nan, amma ba bangon da ke ɗauke da sunanka, naka gidan ma har yau ɗaki uku ne. Da aka gaya maka za a rubuta wannan, cewa ka yi, "Kada a cika yabo. A dai ce rufina bai taɓa faɗo wa kowa ba." To ga shi an faɗa.

Ku matasan magina, Baba yana nan zaune a ƙofar gidansa kullum da hantsi, ku je ku ɗebi abin da ba a sayarwa a kasuwa. Ku masu niyyar gini, in kun gamu da maginin da ya ce ku rage, kada ku yi fushi, masoyinku ne.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya. Ka huta, mu da muke kwana a ƙarƙashin aikin hannunka mun shaida.