Kifin da Baba Ya Kira Salihi

Baba mai kifin ado ya tsufa a shagonsa bai iya cewa "ban sani ba". Wata rana aka kawo masa ɗan kifin teku mai ƙaya a baya, wadda ke miƙewa ta kafe in ya tsorata. Bai gane irinsa ba, amma da wata malamar asibiti ta tambaya, sai ya ce, "Ɗauki, 'yata, salihi ne."

Kifin ya girma ya cinye abokan zamansa a tankinta. Ta dawo da shi a bokiti ba tare da faɗa ba, ta ce, "Baba, kowane kifin da ya cinye, yarana sun raɗa masa suna."

Baba ya kasa haɗa ido da ita. Ya ware kifin a bayan shago yana ciyar da shi, ya ƙi sayar wa kowa.