Gilashin da Kawu Ya Sauya

Kawuna magini ne, kuma da Magini duk unguwa ta san shi. Mutum ne mai shisshigi a kan bangon mutane. In ka gayyace shi gidanka, kafin ya gaishe ka ya nuna maka inda ruwa zai shigo. Amma bangon da gadonsa ke jingine da shi, doka ta hana shi taɓawa.

Gidansa ɗaki biyu ne da kicin, manne da gindin wata tsohuwar hasumiyar dutse da baƙi ke zuwa kallo. Kakansa ne ya ga bango a tsaye, ya jingina ɗakunansa a jiki. Daga baya hukumar kula da wuraren tarihi ta kafa allo: ba a fasawa, ba a yaɓewa, ko ƙusa ba a bugawa. Aka bar iyalin su zauna, da sharaɗin duk ranar da ginin ya zama haɗari za su tashi. A ƙarƙashin wannan sharaɗi Kawu ya tsufa, da matarsa Inna, wadda ciwon ƙafa ya zaunar.

Wata damina tsaga ta fito, daga rufi har bayan gado. Hukumar ta rufe ƙofar hasumiyar, ta aiko wata injiniya. Ta ɗauko siririn gilashi kamar yatsa, ta gicciye shi a kan tsagar, ta manne bakinsa biyu da filasta.

"Baba, in bangon yana motsi, wannan zai fashe. Da ya fashe ku kira ni."

"In na kira ki fa, ranki ya daɗe?"

"Sai mu fitar da ku, mu tokare hasumiyar."

Tun daga ranar Kawu bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Ya hana buga ƙofa. Babbar mota in ta wuce, sai ya ruga ɗaki ya leƙa bayan gado. Inna ta ce saura kaɗan ya hana ta atishawa. Muka yi dariya, amma ni ma duk sanda na kawo mata magani, idona na kan gilashin nan.

Ina gidan ranar da ya fashe. Da hantsi ne, ina shafa wa Inna man zafi, muka ji ƙas, ƙara ƙarama kamar an karya ashana. Kawu ya shigo, ya daɗe a durƙushe. Na miƙa masa wayata ya kira injiniyar. Bai karɓa ba. Ya je kicin ya zare gilashin taga, ya yanko daidai tsawon wancan, ya kwaɓa filasta ya manne, har da goga masa ƙura don kada ya yi sabo. Aikin ya yi kyau, shi ne abin haushin.

"Kawu, bangon nan zai danne ku!"

"Ke, ina zan kai ta? Da wace ƙafa za ta hau benen haya?"

Ya mayar da gadon ɗaya ɗakin, kamar hasumiya in za ta faɗi sai ta zaɓi ɗaki. Gilashi ya sake fashewa, ya sake sauyawa, yana tara gutsattsarin a gwangwanin ƙusa. Tagar kicin ta koma kwali. Ni kuwa tsoro ya hana ni sakat. In na ji ƙarar wani abu daga nesa, sai in ce shi ke nan.

Da injiniyar ta dawo, ta haska tocila, ta yi murmushi.

"Alhamdulillahi, Baba, bangon ya tsaya. Katakon tokarar da muka tanada sai mu kai wani wuri. Mako mai zuwa za mu buɗe ƙofa, akwai 'yan makaranta da ke jiran su hau."

Kawu ya raka ta har bakin ƙofa. Sai da ta buɗe mota ya ce, "Ranki ya daɗe, dakata." Ya shiga ya fito da gwangwanin, ya juye mata a kan murfin motar.

Ta daɗe tana kallon gutsattsarin.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya ɗauke."

"Ku kwashe kaya yanzu. Kada a bari sai an gama girki."

"Kotu fa? Za a kai ni saboda na ɓoye?"

"Wannan ba a hannuna yake ba, Baba."

A kan kujera muka fito da Inna, tana ta waiwaye. Yanzu a falona suke, Kawu na jiran ranar da kotu za ta kira shi, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ya miƙe tsaye.

Kafin a kafa katakon, dole aka ce a rushe ɗakunansa. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya sauke rufin da hannunsa. Da aka tokare gefen hasumiyar da ke kallon titi, suka yarda. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, bai lanƙwasa ko guda ba, ya jera kwanon rufin tsaf a bakin hanya. Ni da shi duk mun san ba shi da inda zai kai su.