Kunyar 'yar fari ta kusa raba mu da yarinyarmu

A da ni direban babbar mota ne. Na ci ƙurar hanyar Agadas zuwa Sabha har bayana ya ce ya gaji, sai na ajiye sitiyari na kama aikin gini a unguwar Gurda, nan cikin Sabha. Ina ji da kaina cewa babu irin mutanen da ban zauna da su ba, na sha shayin Buzaye, na ci dabinon Tubawa, na iya rigima da Larabci. Abu ɗaya ne ban taɓa gani a ɗakina ba, shi ne yaro. Mun daɗe da aure da maiɗakina, Allah bai kawo ba.

Akwai wani abokina, ɗan garinmu, da ke aikin gona a Wadi Bawanis. Matarsa ta riga shi tafiya, shi ma ciwo ya kwantar da shi ya bi ta, suka bar yarinya da ko haƙori ba ta fara famfara ba. Dattawan 'yan Nijar suka zauna a unguwar Tayuri, suka ba mu riƙonta, amma da sharaɗi: in suka ga ba ta sake da mu ba, za su sa ta a mota ta ƙetare sahara zuwa wurin wata gwaggon ubanta da ba ta taɓa gani ba.

Kwanakin farko kallonta kawai nake yi. Tuwo sai ta dangwala da yatsa ta sansana, amma taliya da jar miyar Larabawa sai an riƙe hannunta. In ta yi magana rabi Hausa rabi Larabci. Ita ma bincikena take, ta ja gemuna, ta leƙa kunnena, ta sa takalman aikina ta faɗi. Maiɗakina kuwa murna ta sa ta ce wannan ba 'yar riƙo ba ce, 'yar farinta ce. A wurinmu kuma uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Sai ta koma kiran ta da "ke yarinya", in baƙi sun shigo ta sauke ta daga cinya. Ina tsokanarta cewa ba ta yi naƙuda ba amma ta fi masu jego kunya, alhali ni ma na bi sahu. Mu a ganinmu babban girma muka ba yarinyar.

A hankali ta daina jan gemuna. Ta rage cin abinci, ta koma zaman bakin ƙofa tana kallon hanya. Muka kai ta wurin likita, aka ce lafiyarta lau. Ga dattawa sun aiko cewa suna nan zuwa dubiya. Ana haka sai wata tsohuwar Balarabiya maƙwabciyarmu ta shigo riƙe da hannun yarinyar, ranta a ɓace, ta tambaye mu ko baiwa muka saya. Wai yarinyar ta same ta ta roƙe ta ta faɗi sunanta ta ji, don tun da babanta ya mutu kowa ya manta da shi. Na tattaro Larabcina na yi mata bayanin al'ada. Ta saurara tsaf, sannan ta ce to ta ji, amma a garinmu wa yake kiran sunan? Na ce kaka da gwaggo da inna, su ke ɗauka su shagwaɓa. Ta dubi ɗakinmu kusurwa-kusurwa, ta tambaye ni a ina muka ɓoye su.

Ranar na ga abin da ban gani ba a duk yawona. Maiɗakina ta tashi za ta kira sunan yarinyar. Macen da ke faɗa da mai kanti har ya rage kuɗi, ta kasa furta suna ɗaya. Ta buɗe baki ta rufe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango, sannan sunan ya fito da kyar. Yarinyar ba ta rugo ba. Ta tsaya daga nesa ta ce a sake. Aka sake. Ta matso ta ɗaga mayafin tana leƙen bakin da ya faɗa. Da dattawa suka zo, a bayan zanen maiɗakina ta ɓuya, suka sha shayi suka tafi, ba wanda ya tada zancen mota.

Abin da na koya shi ne, mun ɗauko rabin al'ada muka bar rabi a gida. Kunyar ɗan fari tana tafiya ne inda gida ke cike da dangi. 'Yan'uwana da ke zaune a ƙasar wasu, in Allah ya ba ku maraya, ku tuna ku ne uwa, ku ne kaka, ku ne gwaggo. Ku kira sunansa da ƙarfi ya ji. Kunyar ku ajiye ta sai kun koma gida.